Ladan da Batirin da Ke Cewa Lahiya Lau

Da saukar ruwan farko na bana taubashina Ladan ya cika shekara shida a makwancinsa na Bodinga. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na ɗauki alƙalami sai in tarar ina dariya ni kaɗai, in ga kamar bai kamata a tuna mamaci da haƙora a waje ba. Bana na ce bari in rubuta hakanan. Duk wanda ya san Ladan ya san ba zai yafe mini ba in na sa mutane kuka da sunansa.

Mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ita aka kai ta aure Bodinga, mu muka zauna Shagari. Tun muna yara muke wasan taubasai, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, kuma har ya koma ga Allah ba a raba gardamar ba. Da muka girma ya auri ƙanwata Kulu. Shi ya bi karatun lantarki har ya zama malamin jami'a. Ni kuwa hanya na bi. Na yi wa 'yan kasuwa da alhazai tafinta, na zauna Yamai da Khartum da Jidda, na leƙa Turai da ƙasar Sin, harsuna suka maƙale mini kamar ƙarangiya a rigar mai ratsa daji. Ladan yakan ce na iya harsuna rututu amma ba na sauraro da ko ɗaya.

Kafin ya rasu ya bar mini amana guda, wato lafiyar Kulu, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Sai dai ba za a gane irin amanar ba sai na yi bayanin batirinsa, domin da harshen batir ya ba ni ita.

Furfura ta riga ta fito masa a gemu lokacin da ya samu damar zuwa wata jami'a a Turai don yin bincike. Wata tafiya ta bi da ni ta kusa, na ratse na same shi a ɗakin gwajinsu. Na zaci zan ga manyan injuna. Abin da na gani wasu akwatuna ne kamar firij, a cikinsu an jera 'yan fakiti masu ƙyalli kamar ledar madarar gari, kowanne da wayoyi a bakinsa.

Na ce, "Mi aka dahwawa nan?"

Ya ce, "Farar wuta."

"Wadda Inna ka kwaɓa muna da man shanu in mun yi ƙazwa?"

"Ita. Kai da ta warkas ba ka gode mata ba, ga shi za a sa ta cikin mota."

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Motar da ke tafiya da lantarki, in ji shi, babbar matsalarta nauyin batir. Batirin da ake haɗawa da litiyom da farar wuta kuwa ba shi da nauyi, ga shi zai iya ɗaukar wuta mai yawa, ga farar wutar kanta ba ta da tsada. Wannan na yarda da shi nan take, domin na taɓa ganin ta jibge kamar tudu a bakin wata tashar jiragen ruwa a ƙasar Larabawa, rawaya kamar garin ɗorawa, abin da ya rage ne daga tace man fetur. Na tambaye shi, to me ya hana a cika duniya da irin wannan batir? Ya ce abubuwa da yawa. Yana saurin tsufa. In ka cika shi ka ajiye, yakan zubar da wutarsa da kansa. Waɗannan aikin masana haɗa sinadari ne. Nasa ɓangaren shi ne na uku: batirin ba ya faɗin gaskiyar halin da yake ciki.

Ga yadda ya bayyana mini. Batirin wayarka, yayin da yake ƙarewa, ƙarfin wutar da ke fitowa daga bakinsa na raguwa sannu a hankali. In ka auna ƙarfin, ka san abin da ya rage, kamar mai leƙa randa. Na farar wuta ba haka yake ba. Da farko ƙarfin zai ɗan sauka, daga nan sai ya miƙe shimfiɗe, ya yi ta tafiya a wuri guda. Ya kai rabi, awo ɗaya. Ya kusa ƙarewa, awon dai shi ne. Sai can, ba sallama, ya faɗi. To ka ɗauka kana cikin mota tsakanin Shagari da Bodinga, allon gabanka na nuna maka komai daidai, alhali saura ƙiris.

Ya dube ni ya ce, "Ka gane shi? Basakkwace ne. Ka tambai shi da sahe, lahiya lau. Da marece, lahiya lau. Gobe a ce maka an kai shi."

Na yi dariya har wani Bature ya leƙo. Amma maganar ta zauna mini, domin na yi yawo na ga yadda mutane ke amsa gaisuwa. Akwai ƙasar da in ka tambayi mutum lafiyarsa gara ka nemi kujera, don zai fara maka daga ciwon baya ya gangaro har gwiwa. Mutanen Masar bakinsu na hamdala, amma fuskarsu da hannayensu na ba ka sauran labarin. A Sin na zauna da mutanen da ba lafiyarka suke tambaya ba, sai ko ka ci abinci, kuma na ga hikimar hakan, tunda wannan tambaya ce da ake iya amsawa da gaskiya ba tare da an ji kunya ba. Mu kuwa a gidanmu, inda jinin Fulani ya haɗu da tarbiyyar malamai, faɗin ciwo kusan rashin kunya ne. Kakarmu ta haifi 'ya'yanta ba wanda ya ji muryarta. Muna alfahari da wannan, kuma akwai abin alfahari a ciki. Sai dai na san kaburbura da dama a Shagari da Sifawa waɗanda masu su suna cewa lahiya lau har ranar da aka kai su.

Aikin Ladan shi ne ya gina wa batirin abin da yake kira inuwa. Wani ɗan zane ne na hanyar wuta da ake rubutawa da lissafi a cikin kwamfutar mota, wanda ke motsi yadda batirin gaske ke motsi. Ya ce in kwatanta shi da magudanar ruwa a fadamar Danchadi: ga wurin da ta ƙuntata ruwa ke wucewa da ƙyar, ga ɗan gurbin da ruwa ke taruwa kafin ya ci gaba. In ka san faɗin ƙuncin da zurfin gurbin, kana iya faɗin abin da ke faruwa a gindin rijiya ba ka leƙa ba. Yadda ake samun waɗannan awon shi ne abin da ya fi burge ni. Ba a tambayar batirin. Kaya ake ɗora masa: a ja wuta da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki, a duba iya durƙusawar da ya yi, a kuma duba yadda yake miƙewa bayan an sauke masa. A maimaita yana cike, a maimaita ya yi rabi, a maimaita cikin sanyi, a maimaita cikin zafi. A hutawarsa ba ka gane komai. A dawowarsa bayan wahala ne yake tona kansa.

Akwatunan nan masu kama da firij na daidaita zafi ne. Ɗaya daga ciki Ladan ya murɗa shi sama har wata abokiyar aikinsa ta zo tana tambaya ko kuskure aka yi. Ya ce mata ba kuskure, wannan bazarar garinsu ce, kuma motar da ba ta san bazarar Bodinga ba bai ga dalilin da zai sa ya amince mata ba.

Da ya dawo gida sai ya zo da wata sabuwar ɗabi'a da ta girgiza dangi. Ya daina cewa lahiya lau sai in lafiyar ce lau. Ka ce masa, "An kwan lahiya?" ya ce, "Alhamdu lillahi, amma gwiwar hagu ta hana ni sujada yadda nika so." Dattawan ƙofar masallaci suka rasa inda za su sa kansu, domin gaisuwa tana da layinta, shi kuwa ya sa mata dutse a tsakiya. Wani tsoho ya ja ni gefe ya tambaye ni ko karatun ne ya yi masa yawa. Kulu ta ce ita kam ta shiga uku, an mayar mata da miji Bature. Shi ko a jikinsa. Ya ce godiya ga Allah daban, rahoto daban, kuma bai ga inda aka hana haɗa su ba.

Wannan ɗabi'a ita ta yi mana rana. Lokacin da likitoci suka gano ciwon da ke hantarsa, suka ce ya wuce magani, bai ɓoye wa kowa ba. Ya tara 'ya'yansa ya gaya musu. Ya zagaya dangi daga Bodinga har Shagari yana neman gafara yana tsokanar mutane. Ya ci abin da yake marmari. Ba mu taɓa yin rashi irin nasa ba, wanda aka yi bankwana a natse, ba wanda ya ce da na sani da na zo.

Wata la'asar muna zaune gindin dogon yaron ƙofar gidansa, ya rame har agogo na yawo a hannunsa, ya ce mini, "Bawana, matso in ba ka aiki."

Na ce, "Ubangidanka dai. Hwaɗi."

Ya ce, "Ni na gaya muku inda nike, kun shirya. Ƙanwarka kau batirin farar wuta ta. Ranar da za ta hwaɗuwa, da sahe za ta ce maka lahiya lau. Kak ka tambaye ta, ɓata bakinka za ka yi. Ka samu wani kaya da taka ɗauka kullum, ka riƙa duban yadda taka dawowa."

Na yi masa alkawari. Bai ƙara wata guda ba.

Ban sha wahalar samun kayan ba. Tun muna yara Kulu ba ta yarda kowa ya dama mini fura sai ita. Ga surukai, ga jikoki, amma in na zo daga Shagari ranar kasuwar Bodinga, ita za ta jawo ƙwarya da ludayi, ta murƙushe furar geron nan mai tauri cikin nono har ta yi laushi. Aiki ne na dantse da numfashi. Kuma tana yi tana yi mini tsiya: wai na zagaye duniya ban samo wadda ta iya damu ba, wai hular da na sa ta fi kaina tsufa. Sai na mai da wannan ma'aunina. Damu shi ne kayan. Tsiyar ita ce dawowar. Shekaru suka yi ta wucewa awo bai canza ba, ludayi na juyawa baki na aiki.

A cikin waɗannan shekaru duniya ta yi ta matsowa inda Ladan ke hange. Rufin gidaje a Bodinga ya cika da farantan sola. A fadama na ga masu albasa na ban ruwa da injin da ba ya shan mai, rana ce ke tuƙa shi. Masu cajin waya sun koma batirin litiyom. Nakan tsaya in ce, da yana nan me zai ce? Na san ba murna zai fara yi ba. Zai durƙusa ne ya taɓa batirin da bayan hannu, ya tambayi mai shi don me ya ajiye shi a ɗakin kwano ba taga. Batirinsa na farar wuta kuwa, iyakar abin da nake ji, har yanzu yana hannun masu bincike, bai shigo motocin da ke kan titi ba. Ba na jin hakan zai dame shi. Ya sha gaya mini cewa mai yin inuwa ba shi ke yanke ranar fitowar mai ita ba, nasa dai ta same shi a shirye.

A bazarar bara ma'aunina ya motsa. Kulu ta dama fura ba ta ce uffan ba, sai da ta ajiye ludayi ta ɗan zauna sannan ta tuna da hulata. Na ce a raina zafi ne, kuma Ladan ya koya mini kada a haɗa awon zafi da na sanyi. Na jira. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, shirun bai tafi ba. Bayan girbi ya ƙara tsawo. Ranar da na sha kusan rabin ƙwarya tana jingine da bango tana numfashi ta baki, na kuma ga igiyar silifas ta nutse a bayan ƙafarta, ranar na san lokaci ya yi.

Na karya dokar Ladan na tambaye ta. Ta ce, "Lahiya lau, Yaya. Mi kag gani?" Na tura babbar ɗiyarta ta yi mata maganar asibiti, ta ce asibiti na marasa lafiya ne, in ɗiyar ce ba ta jin daɗi ta faɗa a kai ta. Na kwana biyu ina juya abin. Mace irin Kulu ba za ta taka asibiti don kanta ba ko za a ja ta da igiya. Amma don wani, ko ba takalmi za ta je.

Na koma na marairaice. Na ce, "Kulu, jikin nan nawa ba ya yi man daɗi. Ina son ganin likita Sakkwato, kuma kin san ni da tsoron allura. Ki raka ni."

Ta ce, "To. Yaushe?"

Ko gardama babu. Da ina da wayon da nake zaton ina da shi, da saurin amsar nan ya sa na yi tunani.

Daga tashar mota zuwa asibitin muka hau babur mai ƙafa uku, sai na ji ya tashi ba ƙara ba hayaƙi. Na lantarki ne. A gaban direban akwai ɗan allo mai nuna abin da ya rage na caji. Na tambaye shi ko allon na faɗin gaskiya. Ya ce, "Da sahe gaskiya yaka hwaɗi, Alhaji. In rana ta take, sai ka rage mai wani abu cikin zancenai." Kulu ta yi murmushi ta ce da Malam na nan, da yanzu ya sauke mu a bakin hanya ya kwance keken mutane. Malam take ce wa mijinta, har yau ba ta kama sunansa.

Da aka kira ni na shiga wurin likita, na rufe ƙofa, na rage murya na ce masa ni lafiyata ƙalau, dabara ce na yi, ƙanwata da ke zaune a waje ita nake so a duba. Likitan ya ajiye abin rubutunsa ya yi ta dariya. Ya ce lokacin da na je yankar kati, Hajiya ta tare ma'aikaciyar jinya ta gaya mata cewa yayanta zai shigo ya ce lafiyarsa ƙalau, kada a saurare shi, a auna shi da kyau.

Aka auna mu duka biyu. Ita hawan jini ne da ya daɗe yana cin ta a ɓoye har zuciya ta fara gajiya, ruwa na taruwa a jiki. Suka riƙe ta 'yan kwanaki, suka ɗora ta a kan magani. Likitan ya ce mini da an jira sai ciwon ya faɗi sunansa da kansa, da wata maganar ake yi yanzu. Ni kuma, mai rakiyar ƙarya, aka same ni da ciwon suga.

Ranar da aka sallame ta, muna cikin mota mun wuce gonakin bakin gari, na ce mata, "Ke kuma wa ya aike ki?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Wanda ya aike ka. Yac ce man, yayanki ya iya harsuna, amma babu wanda ya koyi cewa na gaji a cikinai. Ki riƙa duba nai in ya taho daga tasha da ƙahwa, ki ga tsawon lokacin da yaka ɗauka kahin ya hwara ba mu labarin ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Da, tun daga zaure kaka shiga Jidda. Bana kau sai ka shanye moɗa biyu ta ruwa ba ka kai ko Yamai ba. Wata nawa ina neman dabarar da zan kai ka asibiti, sai ga ka ka kawo kanka."

Ashe Ladan yana kan gadon ciwonsa ya zauna ya yi wa kowannenmu inuwa, ya san kayan da za a ɗora mana da inda za mu tona kanmu, ya miƙa ni ga Kulu, ya miƙa Kulu gare ni, bai gaya wa ɗayanmu ba. Na tabbata ya yi dariyar abin shi kaɗai. Gardamar ubangida da bawa kuwa, ina ganin a nan ya yi mini ci na ƙarshe, tunda shekara da shekaru ina yi masa aiki ban san ni ma aikin ne ba.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Ladan, ba zan iya cewa ga motar da ke yawo da lissafinsa ba. Wataƙila wata rana a yi ta, wataƙila masu binciken su bi wata hanyar. Ɗalibansa na nan suna koyarwa, su za su fi ni sanin darajar takardunsa. Abin da na sani shi ne akwai tsofaffi biyu, ɗaya a Bodinga ɗaya a Shagari, da suka ga ruwan bana, kuma bayan ikon Allah dabararsa ce sanadi. Gidanmu ba mu daina cewa lahiya lau ba, ba kuma na fatan mu daina, gaisuwar iyayenmu ce. Mun dai koyi cewa in mutum ya faɗe ta, ba a nan ake tashi ba.

Ranar kasuwar da ta wuce na je Bodinga. Na tarar Kulu ta riga ta jawo ƙwarya, furar ba sukari, kuma 'yar kaɗan, yadda likita ya ce. Tun ban zauna ba ta fara da hulata, ludayi na juyawa. Sannan ta ce, "An taho lahiya, Yaya?"

Na ce, "Lahiya lau."

Ta tsayar da ludayin, ta zuba mini ido, tana jira.

Na gyara zama na ce, "Wata shekara muna Jidda, zahi ya yi zahi..."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da damunta.